Ranar da Aka Duba wa Motar Laminu Ƙasa

A tashar akori-kura ta Nguru, in ka ce kana neman Laminu, sai a tambaye ka wanne, domin sun kai huɗu. Amma in ka ce Laminu Gafara, ko mai tallan rake zai nuna maka inda motarsa take. Sunan ya biyo wata ɗabi'a tasa ce da babu direban da ya taɓa sha'awar kwaikwaya: shekara ashirin da shida yana jan mota tsakanin Nguru da Gashua, bai taɓa danna wa kowa hon ba. In ya tarar da mutane sun tare hanya, sai ya rage gudu, ya leƙo da kai ta taga, ya ce, "Gafara dai, bayin Allah." Jaki ma in ya tsaya a tsakiyar titi haka yake ce masa, sai dai yakan tsaya a kan "gafara dai".

A gida ya samo wannan hali. Mahaifinsa, Malam Nasrullahi, mutumin Haɗejiya ne da ya zo Nguru tun jirgin ƙasa yana kwasar gyaɗa, ya kafa rumfar kanwa a kasuwa. Dattijo ne da ko tari zai yi a cikin mutane sai ya juya baya. 'Ya'yansa tara kowa ya ɗebi wani abu daga kunyarsa, amma Laminu shi ya kwashe mai yawan. An fara gwada shi a rumfa, abin bai yi ba. In mai saye ya ce kanwar ta yi tsada, sai Laminu ya ba shi haƙuri, ya ƙara masa dunƙule biyu. Da Malam ya ga rumfar za ta ƙare a ba da haƙuri, sai ya sa aka koya masa tuƙi.

Motar da ya ƙare da ita tsohuwa ce tun ranar da ya same ta. A takarda fara ce, a ido kuwa ta fi kama da kunun kanwa. Ƙofar ɓangaren fasinja da igiya ake ɗaure ta, madubin gefe guda ɗaya ne, kuma babu abin da bayanta bai ɗauka ba: busasshen kifi, buhunan gero, awaki, tabarmin kaba, da mutane a saman duka. Amma kayan da ta fi ɗauka kanwa ce, don abokan sana'ar mahaifinsa ba su yarda da kowa ba sai shi. Matarsa Saudatu takan ce da motar nan tana magana, gaisuwa kawai za ta riƙa yi.

To, sai ga shi ta yi maganar.

Ƙarshen daminar bara ne, da hantsi. Laminu ya fito ya nufi tasha, sai ya hango surukinsa, Alhaji Abdulbaƙi, mahaifin Saudatu, yana tafe a gefen hanya da sandarsa. Tun da ya auri 'yar Alhaji bai taɓa gaishe shi daga cikin mota ba. Kullum sai ya tsaya, ya sauka, ya tsuguna. Ya lallaɓo a hankali har bayan dattijon, ya taka birki.

Motar ta kwarma wani irin ihu da ya tashi tantabarun unguwa.

Alhaji ya yi tsallen da rabonsa da irinsa tun yana saurayi, takalminsa ɗaya ya faɗa kwata. A gidan har yau ana gardama a kan ko na dama ne ko na hagu. Saudatu ta ce na hagu, kuma ita ta wanke shi. Laminu don firgita ya ƙara danne birkin, hon ɗin kuwa ya ƙara dagewa. Ya ɗaga ƙafa, aka yi shiru, motar ta gangara za ta bi Alhaji, ya sake takawa, ta sake kwarmawa. Da ƙyar ya tuna akwai makulli.

"Baba, wallahi ba ni ba ne," in ji shi, yana durƙushe yana laluben takalmi a kwata.

"Ai na gani," in ji Alhaji. "Ni ne."

Daga wannan rana, duk sanda Laminu ya taka birki sai hon ya tashi. Kuma Laminu mutum ne mai yawan taka birki, don kowa yake tsaya wa. Ya tsaya wa mata masu ɗauke da itace su tsallaka, suka watsar da itacen suka gudu. A wani shingen jami'an tsaro aka ce ya sauko ya faɗi wanda yake yi wa sauri, sai da fasinjoji suka sa baki. Mafi muni, a rana ta uku, cikin gari, ya ci karo da jama'a sun ɗauko gawa za su maƙabarta. Ya yi abin da kowane mai hankali yake yi, ya tsaya. Masu ɗauke da makarar saura kaɗan su sake ta.

Da yamma shugaban tasha, Sabitu, ya sa aka kira shi rumfa.

"Laminu, shekara nawa muna tare, ko ƙuda ban taɓa ganin ka kora da ƙarfi ba. Amma ƙara uku aka kawo min a kwana uku, ɗaya daga iyalan mamaci."

"Ranka ya daɗe, motar ce..."

"Motar ai ba ita ke da suna a allo ba, kai ne. Na ba ka zuwa ranar kasuwa. Ni da ƙafata zan taka birkin nan. In ta yi ko tari, na goge ka daga layi."

Sunan Laminu shi ne na uku daga sama a allon layin tasha. In aka goge shi, babu lodi, sai dai ya koma tsintar fasinja a bakin titi yana kiran "Gashua! Gashua!", sana'ar da sai mai maƙogwaro. Shi da kansa ya san ba zai iya ba. Saura kwana huɗu.

Kwana biyu ya ƙarar a garejin Nguru. Makanikin farko ya canza fiyus, bai canza komai ba. Na biyu ya ce hon ɗin ne ya tsufa, ya sa sabo, sabon ya fi na da murya. Na uku ya ce shi ba ya son dogon lissafi, ya cire wayar hon ɗin gaba ɗaya. Aka samu shiru, amma fitilun birki suka mutu, waifa kuma ta kama share gilashi duk sanda aka taka. Sabitu da ya ji ya aiko cewa motar da ba hon ba fitilar birki ba ta lodi a tasharsa. Aka mayar da wayar.

A teburin mai shayi kuwa an riga an gama bincike. Aka ce mota ba ta yi wa suruki da gawa ihu haka kawai, akwai hannu a ciki. Laminu ya ce a'uzubillahi, ya tashi ya bar shayinsa.

"Baban Haula, ka kira Mudi mana," in ji Saudatu.

Mudi mai wayarin, wato gyaran wayoyin wutar mota, Babarbare ne, garejinsa yana Gashua, kuma sa'an Laminu ne. Mutum ne mai ƙarancin magana da tsananin riƙon addini. In ya ga laya a rataye a madubin mota, ba ya taɓa motar sai an cire. Yana da wata aƙida kuma: ya tsani Turancin gareji, ya ce da shi ake rikita masu mota. Komai sai ya mayar da shi Hausa. Akwai wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa batir. Sauran masu sana'ar "at" suke ce mata, shi kuwa Mudi ƙasa yake cewa, don abin da kalmar take nufi ke nan. Laminu bai san wannan ba. Bai taɓa tambayar mai gyara abin da yake yi ba, yana ganin rashin ladabi ne.

"Wushe, Gafara," in ji Mudi a waya, da gaisuwarsu ta Barebari. "Yi sauri, ina ƙarƙashin tifa."

Laminu ya tambayi iyali, ya tambayi jikin tsohuwa, ya tambayi ruwan bana.

"Gafara, tifar nan a kan jak take."

Sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"In ka sa sigina fa?" in ji Mudi.

"Duka biyun suke kyaftawa, kamar masu jin barci."

"Ƙasa ce."

"Na'am?"

"Aikin ƙasa ne. Nemi wani nan kusa ya duba maka ƙasa. In ta gagara ka kawo min." Ya kashe wayar.

Laminu ya mayar da wayar aljihu. Shi dai duba ƙasa ɗaya ya sani tun tasowarsa: malami ya shimfiɗa yashi, ya zana da yatsu, ya faɗa maka wanda ke bin ka da sharri.

"Mudi?" in ji Saudatu da ya faɗa mata, ta ajiye muciya. "Mudin da ya ƙi zuwa sunan Haula don ya ji an kira masu kalangu?"

"Shi da bakinsa. Har sau biyu ya faɗa."

"Innalillahi. To lallai abin ya kai."

Kashegari da sassafe ya kama hanyar Karasuwa, inda aka ce akwai wani Malam Abbo, Bafulatanin da ya bar wa 'ya'yansa shanu ya zauna yana duba. Ya same shi a zaure a kan buzu, da faifai cike da farin yashi a gabansa. Laminu ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna yana sunne kai, don bai taɓa zuwa irin wannan wuri ba.

"Sunan mara lafiyar?" in ji Malam Abbo.

"Mota ce, Allah gafarta Malam."

Malam Abbo bai ko ɗaga gira ba. "Sunan uwarta?"

Laminu ya yi tunani. "A hannun wani mutumin Machina na saye ta."

"To mu sa Machina."

Ya shafe yashin, ya ɗiga layuka, ya goge, ya sake ɗigawa, ya girgiza kai.

"Akwai wani mutum. Ba dogo ba ne can, ba kuma gajere ba. Yana yi maka dariya."

"Malam, ai satin nan kowa a tasha dariya yake yi min."

"To ka gani."

Ya ba shi rubutu cikin jarka, ya ce ya yayyafa a inda muryar take fitowa da inda ƙafarsa take takawa. Laminu ba ya yin abu rabi da rabi. Ya buɗe bonet ya shayar da hon, ya shiga ciki ya jiƙa birki, abin da ya rage kuma ya tuttula a akwatin fiyus, don ya ga nan ne masu gyara suka fi taɓawa.

Bai kai bakin kwalta ba motar ta fara sabon salo. Yanzu ba ta jiran birki. In ta faɗa rami sai ta yi ɗan gajere, in ta fito ta yi dogo. Wani ƙauri kuma ya fara tasowa daga ƙarƙashin sitiyari. Laminu ya tuna Mudi ya ce in ta gagara a kawo, ya juya kanta Gashua. Da giya da birkin hannu ya yi tafiyar. Masu tsayar da shi a hanya sai dai ya leƙo ya ce su yafe shi, ya wuce. Sau ɗaya ya taka birki sosai, da garken shanu ya tsallako, kuma bai tsaya ganin inda shanun suka ƙare ba.

Tun daga kwanar garejin Mudi ya ji zuwansa. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"An duba ƙasar?"

"An duba."

"Me aka gani?"

Laminu ya matso, ya rage murya. "Wani mutum ne. Ba dogo ba ne can, ba kuma gajere ba."

Mudi ya daina goge hannu. "Wa ya duba?"

"Malam Abbo na Karasuwa."

"Yana wayarin ne?"

"Da yashi dai ya yi."

Sai da Mudi ya nemi benci ya zauna. Ya yi salati, ya yi istigfari, ya sake yin salati. Makanikan da ke gefe suka ajiye sufana suka matso.

"Gafara. Ni? Ni zan tura ka wurin mai duba? Ko zan tura ka ma, sai wurin Bafulatani? Shi da in ka nuna masa batir zai tambaye ka ta ina ake tatsa?"

"Kai ka ce a duba ƙasa, Mudi. Na ce na'am, ka maimaita."

"Ƙasar mota! Ƙasar mota nake nufi!" Ya leƙa ciki, ya shinshina, ya taɓa akwatin fiyus, yatsansa ya fito da baƙin ruwa. "Wannan kuma fa?"

"Rubutu ne."

Wani makaniki ya faɗi a kan taya yana riƙe ciki.

Mudi ya yi wa'azi na kusan rubu'in awa, Laminu yana tsugune yana cewa haka ne. Sannan ya cire kan batir, ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ya shanya su a rana kamar kuɓewa, ya yanke wata waya da ta fara narkewa ya sa sabuwa. Da komai ya bushe ya mayar, ya cusa tsumma a bakin hon, ya ɗauko kayan aikinsa. Ba wani abu ba ne illa ɗan ƙwan fitila da waya biyu a jiki. Ya sa Laminu ya zauna a kujerar direba.

"Taka. Saki. Taka."

Hon ɗin yana gurnani ta cikin tsumma, Mudi yana bin wayoyi daga gaba zuwa baya, yana dangwala ƙwan nan. Inda ya kama da haske sai ya wuce, inda ya yi ja-ja sai ya tsaya ya yi tsaki. Ƙarƙashin kujera ya tarar da wani ƙulli na salatif kamar gidan tururuwa.

"Wannan aikin mutum huɗu ne," in ji shi, "kuma kowanne ya tsani na gabansa."

Da ya kai fitilun baya, ya ɗauki guntuwar waya, ya ɗora baki ɗaya a jikin fitila, ɗaya a kan ƙarfen mota inda ya kankare tsatsa.

"Taka."

Laminu ya taka. Shiru. Fitilun suka kama jajur. Ya sake takawa. Shiru. Idonsa ya kawo ruwa.

"Sauko ka ga mutumin naka," in ji Mudi.

Suka kwanta tare a ƙarƙashin motar. Can a jikin ƙarfe akwai wani noti da wayoyi uku a maƙale, ya yi fari fat, ya kumbura kamar an tsoma shi a gari. Mudi ya taɓa shi da sukudireba, ya ruguje.

"Kanwarka ce. Shekara da shekaru ruwan sama yana wanko ta, tana ɗiga ta tsagar katakon nan, tana cin notin. Wani gwani kuma ya zo ya haɗa wayar da ke tayar da hon da ta fitilun baya a nan wuri ɗaya. Ita wuta kamar fasinja ce, in ta fita daga batir sai ta koma gida. Hanyarta ƙarfen mota ne. Ta zo nan ta tarar hanya ta yanke, sai ta bi ta gidan maƙwabta. Ta bi ta hon. Wannan ita ce ƙasa."

Laminu ya ƙura wa wurin ido. "Mudi, kar ka ga kamar gardama nake yi. Amma ina ƙasar a nan?"

Mudi ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sukudireba.

"Na ga noti, na ga waya, na ga kanwa."

"Haka sunanta yake."

"Wa ya sa mata?"

Mudi ya kawar da kai. "Bature," in ji shi, a ciki-ciki.

"To da ka ce min noti."

"Miƙo min samfefa, Gafara, kar na sake yin zunubi yau."

Ya goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya raba wa hon tasa hanyar can gaba kusa da batir, ya ɗaure sabon noti, ya shafe shi da giris, ya buga guntun kwanon rufi a kan tsagar katakon. Ya ce in Laminu ya sake loda kanwa ba leda a ƙasa, kar ya kira shi, ya kira Malam Abbo.

Ranar kasuwa tasha ta cika tun da safe, har da waɗanda ba su da niyyar tafiya ko'ina. Sabitu ya naɗe babbar riga, ya shiga ya zauna, ya tayar da mota. Laminu yana tsaye a gefe, ya harɗe hannu a baya, leɓɓansa suna motsi. Sabitu ya taka birki. Ya sake takawa. Ya haɗa ƙafa biyu ya danna har kujerar ta yi ƙara. Babu abin da aka ji sai kukan wata akuya a motar gaba. Ya danna hon da hannunsa, hon ya amsa sau ɗaya, da 'yar dasasshiyar murya, ya yi shiru. 'Yan kallo suka watse ba da jin daɗi ba.

"A bar sunansa," in ji Sabitu. "Gafara, ja ta gaba, kai ke da lodi."

Ya sauko, amma bai tafi ba. Ya kama hannun Laminu ya ja shi bayan rumfa.

"Me aka gano?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

Sabitu ya waiga dama da hagu. "Na faɗa a raina. Wa ya duba maka? Motar gida ce, in na kunna fitila sai rediyo ya mutu. Kuma akwai wanda nake zargi."

Laminu ya so ya yi bayani. Ya shirya maganar fasinja da gidan maƙwabta, har ta zo masa baki. Amma ya dubi furfurar shugaba, ya ga ba shi ne zai tsaya ya ce masa bai gane ba. Ya zaro waya ya karanto masa lambar Mudi.

"A Gashua yake. Ka ce ni na turo ka."

Sabitu ya je ranar Asabar, da farin zakara a ɗaure a bayan mota. Mudi bai sake ɗaukar wayar Laminu ba sai bayan babbar Sallah.